Ƙafa, Takarda da Kunne: Yadda Mawallafin Labarin Tarihi Ke Binciken Wuri



 In ana zancen adabi a gaban malamai, sauraro ya fi dacewa da irinmu. Amma tun da an ce mu faɗi albarkacin bakinmu, za mu taɓa fanni guda, watau yadda mawallafin ƙagaggen labari, wanda ya gina labarinsa bisa tarihi, yake binciken wuraren da labarin ya auku.

Mai tatsuniya ba shi da wannan nauyi. In ya ce gizo ya tafi wani gari, ba mai tambayarsa sunan garin, balle kwana nawa ya yi a hanya. Mawallafin labarin tarihi kuwa, da zarar ya ambaci Kano ko Alkalawa, ya kuma faɗi zamanin sarki wane, to ya ɗauki alkawari tsakaninsa da mai karatu. An yarda masa ya ƙagi mutane, ya sa musu magana a baka, ya ƙulla soyayya da gaba yadda ya so. Ba a yarda masa ya kau da dutse daga mazauninsa ba, ko ya sa kogi ya gudu zuwa inda bai taɓa gudu ba. Abin da muke so mu nuna yau shi ne, wurin da mawallafi zai gani da idonsa ya sha bamban da wurin da mutanen labarinsa suka zauna. Aikin bincike shi ne a ɗebe abin da zamani ya ƙara, a mayar da abin da zamani ya share. Kayan wannan aiki uku ne, ƙafa da takarda da kunne, kowanne kuwa yana gyara kuskuren ɗan'uwansa.

Bari mu fara da ƙafa, gama Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ran 7 ga Satumba, 1812, rundunar Napoliyon Sarkin Faransa ta gwabza da rundunar Rasha a wani fili da ake kira Borodino, kimanin kilomita 120 yamma da birnin Mosko. Bayan shekara 55, a watan Satumba na 1867, Leo Tolstoy, wanda a lokacin yake tsakiyar rubuta littafinsa War and Peace, watau yaƙi da zaman lafiya, ya tashi takanas ya tafi filin ya yi kwana biyu yana zagayawa. Mutumin nan ya riga ya karanta tarihin yaƙin daga ɓangaren Rasha da na Faransa. Shi kansa kuma tsohon hafsan igwa ne, ya sha ƙamshin albarushi a yaƙin Sebastopol na 1854 zuwa 1855. Duk da haka bai ga ya wadatu ba. Ya yi asubanci ya fita, ya zana taswirar filin da hannunsa, ya rubuta ta inda rana take ɓullowa. Nan ya tabbatar cewa da safiyar ranar yaƙin rana tana bayan Rashawa ne, tana dukan idon Faransawa. Marubucin tarihi yana iya tsallake wannan, amma mai ƙaga labari, wanda zai tsayar da mutum guda bisa tudu ya sa mu duba da idonsa, tilas ya san abin da mutumin zai iya hangowa da abin da hasken rana da hayaƙi za su ɓoye masa.

Misali na biyu daga Faransa. A 1857 Gustave Flaubert ya fara rubuta labari a kan tsohon birnin Kartaj, wanda kufansa ke gefen birnin Tunis na yau. Labarin ya shafi boren da sojojin haya suka yi wa birnin daga shekara ta 241 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ya tara littattafai tuli ya karanta, ya fara rubutu, amma abin ya ƙi tashi. Sai ya haye teku a watan Afrilu na 1858, ya bi ta Aljeriya ya shiga Tunisiya, ya yi ta yawo bisa doki har farkon Yuni. Da ya komo gida ya rubuta wa wata abokiyar wasiƙarsa cewa duk abin da ya yi a baya sai an rushe shi an sake sabon gini. Littafin, mai suna Salammbo, bai fito ba sai 1862.

Me ya samo a can, alhali Rumawa sun ƙone birnin ƙurmus tun shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa? Ya samo abin da wuta ba ta ci: launin ƙasa, zafin rana, tsayin duwatsu, nisan da ke tsakanin tudu da bakin teku. Waɗannan su ne ƙashin bayan wuri, su ne kuma abin da ƙafa ke ba mawallafi.

To, amma a nan ne ya kamata mu yi hattara da karin maganar nan ta gani ya kori ji, domin ido ma yana ruɗin mai shi. A cikin littafin nan na Flaubert akwai wata doguwar magudanar ruwa da aka ɗora bisa ginshiƙai, wadda mutanen labarin suka bi ta ciki suka shiga birni da dare. Magudanar gaskiya ce, har yau kangonta na nan, tsawonta wajen kilomita 130. Sai dai Rumawa ne suka gina ta, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin labarin. Da masana suka taso masa, shi da kansa ya amsa cewa ba ya jin akwai ta a lokacin boren, sha'awar wurin ce ta rinjaye shi. Haka kuma Victor Hugo, wanda ya je filin Waterloo a ƙasar Beljiyam a 1861, ya zauna kusan wata biyu domin ya rubuta yaƙin 1815 a cikin littafinsa Les Misérables. Ya tarar an tara wani tudu mai tsayin kimanin mita 40 an ɗora gunkin zaki a kai, ƙasar da aka tara shi da ita kuwa daga tsakiyar filin dagar aka kwashe ta a shekarun 1820. Watau abin tunawa da yaƙin shi ne ya ɓata filin yaƙin. Hugo ya lura da haka, ya nemi ya mayar da filin yadda yake a zuci, amma labarin da ya bayar na wata hanya mai zurfi da ta cinye dawakin Faransa, masana tarihi da yawa sun ce ya zuguguta shi ƙwarai.

Wannan ya kawo mu ga takarda, za mu kuma komo gida domin misalin ya fi kusa da mu. A ce ɗaya daga cikinmu yana son rubuta labarin wani yaro da ya shigo Kano tare da fatake a tsakiyar ƙarni na 19. In ya shiga mota ya je Kano yau ya kwatanta abin da ya gani, ya yi ɓatan kai tun daga shafin farko. Babban masallacin Juma'a da zai gani a kusa da gidan sarki ginin farkon shekarun 1950 ne. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, Sabon Gari kuwa bayansa ta kafu. Ko inuwar da zai so ya zaunar da yaron a ƙarƙashinta sai ya tantance, domin darbejiya, wadda ta cika titunanmu har muke ganin da ita aka halicci ƙasar, asalinta daga Indiya ne, a ƙarni na 20 aka kawo ta zamanin Turawa. Yaron labarinmu inuwar rimi ya sani, da ta tsamiya da ɗorawa da kanya.

Bayan ya ɗebe waɗannan, da me zai cike gurbin? A nan ne matafiyan da suka bar rubutu za su yi masa rana. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa ƙyamaren ƙofofin birni na itace ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Ashe ke nan in ayarin yaronmu ya makara, a bayan ganuwa zai kwana. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a farkon Fabrairu na 1851. Ya hau Dala ya zana birnin, ya nuna cewa gidaje sun taru ne a sashe guda, wani babban yanki na cikin ganuwa kuwa gonaki ne da fili, ga kuma Jakara, wadda a lokacin babban tafki ne mai fadama da ya ratsa gari ta gefen kasuwar Kurmi. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, suna ninkawa da rani in fatake sun sauka. Ya faɗi cewa wuri 2,500 ake canza dalar azurfa guda. Mai wannan lissafi a hannu ya san cewa attajirin labarinsa ba ya zura kuɗin doki a aljihu, sai dai a ɗauko masa su a buhu. Har ila yau, tafiyar da Barth ya yi daga Katsina zuwa Kano ta ci masa kimanin kwana huɗu, tafiyar da mota ke yi yau cikin 'yan sa'o'i. Nisa a labarin tarihi da kwana da zango ake auna shi, wanda ya auna shi da kilomita kawai bai san gajiyar mutanensa ba.

Ba rubutun baƙi kaɗai muke da shi ba. Akwai tarihin sarakunan Kano, wanda ya ce a zamanin Gijimasu aka fara ganuwa, a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi. Akwai Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, masu ambaton wuraren da aka yi zango da inda aka kara a lokacin jihadi. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin haraji na farkon mulkin Turawa ke jere, gunduma gunduma, da sunayen ƙauyuka da kasuwanni da sana'o'i. Akwai kuma Gidan Arewa da aka kafa a 1970, da Gidan Makama a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Irin wannan aiki na ƙwaƙƙwafi shi ne Hilary Mantel ta Ingila, mai littafin Wolf Hall na 2009, ta yi, har ta keɓe wa kowane mutum na tarihi katinsa, tana rubuta inda yake a kowace rana da aka sani, don kada ta zaunar da shi a fadar Landan alhali takardu sun nuna yana wani gari.

Sai dai kowace takarda da idon mai ita aka rubuta ta. Bature matafiyi kasuwa ya gani da fada, iyakarsa zaure, bai san abin da ke bayan shigifa ba, sau da yawa kuma yana auna ƙasa ne da idon mai neman ciniki ko mulki. Malaman jihadi sun rubuta labarin Gobir a matsayin waɗanda suka ci Alkalawa a 1808, ba mu da irin wannan rubutu daga bakin waɗanda aka ci. Tarihin fada sarakuna yake ƙirgawa. Talaka da bawa da matar kulle, waɗanda su ne galibi mutanen ƙagaggen labari, ba safai suke da shafi ba.

Wannan giɓi kunne ke cike shi. Mu dubi magabatanmu a wannan fage. A gasar rubutun da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafan da suka fito sun jingina da tarihi. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, an haife shi a 1890, saboda haka da wayonsa Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Shaihu Umar, labarin da ya tashi daga Kagara, ya bi ta Kano, ya ƙetare Sahara, ya taɓo Murzuk da Tarabulus. A shekarar da ya yi rubutun, shekara 30 kacal ke nan da cin Kano, waɗanda aka kama a hari da waɗanda suka bi ayarin raƙuma suna nan da ransu cikin garuruwa. Duniyar da ya kwatanta tana cikin hirar zaure. Haka nan a 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. A cikinsa ne ake jin yadda cikin gida yake, da rinji, da fargabar mahara, abin da Barth da duk ƙwazonsa bai gani ba. Baba ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya bi ta kushewa. Tolstoy ma ya so ya gana da wani tsohon soja mai gadin hasumiyar tunawa a Borodino, ya tarar bai daɗe da mutuwa ba.

Mu a yau ba sauran wanda ya ga 1903 da idonsa. Abin da ya rage mana shi ne jikoki da suka ji daga kakanni, da sunayen unguwanni da ƙofofi, da kirarin garuruwa, da abin da maroƙa da mafarauta da masu unguwanni suka riƙe. Shi ma kunne yana da nasa ciwo, gama kowane gida yana son kakansa ya zama jarumin labari. Maganinsa a ji daga baki fiye da ɗaya, a gwada da takarda, sa'an nan a je wurin a gani ko ƙasa ta yarda.

Domin mu ga yadda ukun ke haɗuwa, mu ɗauki hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Takarda ta ba mu ranaku: Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, an kuma kashe shi a Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yanzu, ran 27 ga Yuli. Taswira ta ba mu nisa, fiye da kilomita 700 ko da a miƙe aka bi. Wanda ya san ƙasar zai karanta ranakun nan da wani ido dabam. Tafiyar ta fara ne a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, ta ƙare a tsakiyar damina, rafuka sun kawo, dawa ta tasa, gawo ya kaɗe ganyensa. Jama'ar da suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa, sun bar gonakinsu ne daidai lokacin shara da shuka. Manomin da ya juya wa gonarsa baya a wannan lokaci ya san abin da ya sayar, nauyin wannan shawara kuwa shi ne zuciyar labarin. Sa'an nan kunne zai kai mawallafi har Sudan, garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, inda ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya zauna da waɗanda suka tsira, zuriyarsu kuma ta riƙe nata labarin.

Wani zai ce ai yanzu ga hotunan tauraron ɗan'adam a cikin waya, daga ɗaki ma sai a ga ko'ina. Lalle suna da amfani, domin daga sama akan hangi zagayen tsohuwar ganuwa a inda mai tafiya a ƙasa ba zai ga kome ba sai gona. Suna kuma taimako a inda rashin tsaro na shekarun nan ya hana zuwa, kamar wasu sassan gabashin Sakkwato inda kufan Alkalawa yake. Amma hoto ba ya gaya wa mutum yadda yashi ke cin ƙafa, ko yadda hunturu ke shigowa ta ƙofar arewa.

'Yan'uwa, dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne, shaidun nan uku suna ƙarewa a gaban idonmu. Ganuwar Kano, wadda aka fara ta tun kusan shekara 900 da suka wuce, wurare da yawa ta zube, wasu an yanka ta filaye. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka sake ta da ginin zamani. Kududdufan da aka haƙa aka gina birnin da ƙasarsu ana ta cike su. Takardun da ke gidajen adana tarihi da na gidajen malamai gara da ɗanshi suna cin rabonsu. Tsofaffi kuwa kullum sai an rage. In muka yi sake, jikokinmu za su rubuta labarin kakanninmu a cikin garuruwan da ba su da kama, ko kuwa su karanta shi daga alƙalamin wanda bai taɓa shan ruwan ƙasar ba.

Da yawa daga cikin masu sauraronmu gobe su ne ma'aikatan ofishin filaye da na tsara birane, su ne malaman makaranta da sakatarorin ƙananan hukumomi. Ranar da fayil ya zo teburinku ana neman izinin rushe wata ƙofa ko cike wani tafki, ku tuna akwai abin da ba a sake ginawa. In rushewar ta zama tilas, a auna, a ɗauki hoto, a rubuta, a ajiye. Mu kuma ɗalibai, hutu mai zuwa kowa ya ɗauki littafin rubutu da abin naɗar magana, ya zauna gaban kakarsa, ya tambaye ta ina tsohuwar kasuwa take, wace rijiya aka fara haƙawa, ta wace ƙofa amare ke shiga, me ya sa ake kiran unguwarsu da sunan da ake kiranta. Ya taka da ƙafarsa daga ƙofar gari zuwa rafi ya ga ko minti nawa ne. Ko shi bai zama mawallafi ba, ya tara wa mawallafin gobe jari.

Shugaba, a nan za mu dakata. Muna roƙon malamanmu su gyara mana inda muka karkace, 'yan'uwa kuma su ƙara mana da abin da suka sani na garuruwansu.